HAYAR GONA DA HAYAR GIDA: MU BUƊE IDO TUN KAFIN A SHIRYA

A wannan wata za mu yi magana a kan haya. Akwai mai gona da mai neman inda zai shuka. Akwai mai gida da mai neman inda zai kwana. Kowa yana bukatar ɗan'uwansa. Amma sau da yawa maganar da aka fara da gaisuwa da dariya tana ƙarewa a ƙofar sarki ko gaban alƙali. Rigimar haya ba ta faɗowa daga sama. Tana da alamu tun ranar farko. Wanda ya san alamun zai iya kauce mata.

ME YA SA MAGANAR TA SHAFE MU?

Ƙasarmu ta Kance tana cikin wuraren da mutane suka fi cunkoso a Nijar. A ƙidayar shekara ta 2012 an samu mutum kusan 400.000 a gundumar, kuma tun daga lokacin mun ƙaru. Mutane suna ƙaruwa, amma gona ba ta haihuwa. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ne suke rabonta. Daga Matamaye zuwa Kance, Dungu, Tsauni, Yawuri, Kurni da Ɗan Barto, da wuya ka ga saura ko daji wanda ba shi da mai shi. Shi ya sa mai ƙaramar gona yake neman ƙari a hannun wani. A fadamun Korama kuwa, inda ake noman rake da kayan garka, kowane taki na ƙasa kuɗi ne.

A cikin garin Matamaye ma haka. Malaman makaranta da ma'aikatan likita da aka turo daga nesa suna neman gida. 'Yan makarantar da suka fito daga ƙauye suna neman ɗaki. 'Yan kasuwa suna neman shago da wurin ajiyar hatsi. Manomi da yawa ya gina ɗaki biyu ko uku a gari don ya riƙa samun kuɗin cefane. Ke nan a cikinmu akwai masu ba da haya, akwai masu karɓa.

ARO DABAN, HAYA DABAN, JINGINA DABAN

Rigima da yawa tana tasowa ne don ba a kira abu da sunansa ba.

Aro shi ne a ba ka gona ka noma ba da kuɗi ba. In ka ga dama ka kai wa mai ita dami ɗaya ko biyu da kaka don godiya. Gonar tana nan tasa.

Haya ita ce ka biya kuɗi ko hatsi da aka yanka, ka noma damina ɗaya ko biyu ko yadda aka shirya. Wa'adi ya cika, gona ta koma ga mai ita. Kuɗin da ka biya ba ya dawowa.

Jingina ita ce ka ba mai gona kuɗi, ka riƙe gonarsa kana noma har ranar da ya mayar maka da kuɗinka. In bai samu ba, gonar tana hannunka ko shekara nawa ne.

To, ga alama ta farko, kuma ita ce uwar sauran. Ka tambayi mutum: aro ne, haya ce ko jingina? Sai ya ce maka: "Haba, ai tsakaninmu babu wannan, kai dai je ka noma." Ka tsaya nan. Yau kuna shiri, kuna da rai. Gobe 'ya'yansa da 'ya'yanka ne za su zauna. Naka su ce saye ne, nasa su ce aro ne. Waɗanda suka san gaskiya suna kabari.

Tsofaffinmu suna tune da abin da ya faru. Ranar 18 ga Disamba 1974 shugaban ƙasa Seyni Kunce ya yi jawabi, ya ce duk gonar da mutum yake nomawa ta zauna a hannunsa, ko ta wace hanya ya same ta. Bayan wannan jawabi masu aro da yawa suka ƙi sakin gonaki. Masu gonaki kuma suka tsorata, wasu suka karɓe nasu, wasu suka daina ba da aro mai tsawo. Rashin yardar nan bai gama fita daga zukata ba. Daga baya, ranar 2 ga Maris 1993, gwamnati ta kafa dokar karkara. Dokar ta yarda da mallakar gona ta hanyar gado da al'ada, kamar yadda ta yarda da ta takarda. Ta kuma kawo kwamitocin kula da ƙasa, waɗanda muke kira Kofo. Na farko an kafa su a 1994, ɗaya a Mirya nan jiharmu, ɗaya a Maine Sorowa. Aikinsu ne su rubuta saye da kyauta da aro da haya da jingina. Wanda ya yi takarda ba ya jin tsoron ba da gonarsa.

KAI MAI NEMAN GONA, GA ABIN DA ZA KA LURA DA SHI

Na ɗaya: wa ke da gonar? In gonar gado ce da ba a raba ba, mutum ɗaya ba shi da ikon ba da ita shi kaɗai. Ka tambaya: ina 'yan'uwanka? Ina 'yan'uwanka mata? Su ma suna da rabo. In ya ce maka kada ka gaya wa yayansa, ko ya ce a gama kafin ƙanensa ya dawo daga Kano ko Agadas, to ba gona yake ba ka ba, rigima yake ba ka. Ƙanen zai dawo lokacin da hatsinka ya fara kunno kai.

Na biyu: gaggawa da ɓoyo. Mai gaskiya ba ya jin tsoron mai gari. Wanda ya zo maka da dare, ya ce kawo kuɗin yanzu don akwai wani da ke jira, ya ƙi a je gaban shaidu, wataƙila ya riga ya karɓi kuɗin wani a kan wannan gona. Ana yin haka. Ranar shuka sai mutum biyu su haɗu a gona ɗaya, kowa da sungumi da ƙwaryar iri.

Na uku: kada ka karɓi gonar da ba ka taka ba. Ka je da ƙafarka, tare da mai ita, ku zagaye iyaka. Ku kira maƙwabtan gonar ta gabas da yamma da kudu da arewa. In an tumɓuke gamba ko aguwar da ke kan iyaka, ka tambayi dalili. In maƙwabci ya ƙi zuwa, ko ya ce shi ba nan ya san iyakar ba, ka dakata.

Na huɗu: araha. In kuɗin ya yi ƙasa da na gonakin da ke kewaye, akwai dalili. Ko ƙuduji ya cinye ta, ko ruwa yana kwanciya a ciki, ko ƙasar ta gaji. Ka tambayi wanda ya noma ta bara: dami nawa ka samu, kuma me ya sa ka bari? A fadama ka dubi fuskar ƙasa. In ka ga fari-fari kamar an barbaɗa gari, kanwa ce ta taso, shuka ba za ta yi kyau ba. Ka leƙa rijiya. Ka tambaya ko ruwanta yana kaiwa watan Afrilu da Mayu. Rake yana daɗewa a ƙasa. Wanda ya karɓi garka na wata shida ya dasa rake, wa'adi zai cika kafin ya sha zaƙinsa.

Na biyar: ba a faɗi wa'adi ba. Wannan ita ce ta fi cin manoma. Mu ɗauki misali. Mutum ya karɓi gona matacciya. Ya kwashi takin gida da amalanke ya zuba. Ya sayi takin zamani. Shekarar farko bai samu abin kirki ba. Shekara ta biyu gona ta farfaɗo. Sai mai ita ya zo ya ce ɗansa ya yi aure, yana son gonarsa. Wahalar wani ta zama ribar wani. In za ka zuba taki, ka nemi wa'adin damina uku ko fiye, a rubuta. A kuma rubuta cewa ba a karɓar gona tsakanin shuka da girbi.

KAI MAI GONA, GA NAKA

Mai karɓa ma yana da nasa alamun.

In ya ce ba ya son takarda, wai takarda rashin yarda ce, ka yi tunani. Takarda ba ta cutar mai gaskiya. Wanda yake gudunta yana da abin da yake hange.

In ya fara dasa mangwaro ko dabino, ko ya gina rijiyar siminti, ko ya kafa ɗaki, ba tare da ya tambaye ka ba, kada ka yi shiru. A al'adarmu mai gona ne ke dasa itace. Bayan shekara goma itacen nan zai zama shaidarsa a gaban sarki. In kun yarda ya dasa ko ya gina, ku rubuta wa zai mallaka ranar rabuwa, da abin da za a biya shi.

In ya daina kawo kuɗin haya ko damin da aka saba, kuma ka ƙyale shekara da shekaru don kunya, kana kashe shaidarka da hannunka. Ko kaɗan ne ka karɓa, a gaban mutane.

In ka ga wani baƙo yana noma gonarka, ka tambaya ya ce maka wane ne ya ba shi, to wanda ka ba ya mayar da kansa mai gona. Ka tsai da abin tun bai yi nisa ba.

Sai maganar jingina. Talauci da rashin lafiya da biki suna sa mutum ya jinginar da gona. Amma mu yi lissafi. A ce gonarka tana ba ka dami 40 a shekara. Ka jinginar da ita a kan jika 100. Shekara biyar ba ka samu kuɗin fansa ba. Dami 200 sun shiga rumbun wani, kuma jika 100 tana nan a wuyanka ba ta ragu ba. Da haya ka ba da ta shekara biyu, da gonarka ta dawo ba ka bin kowa, ba a bin ka. Ka lura da mai riƙe da gonarka in yana yi maka tayin ƙarin kuɗi: karɓi jika 20 ka yi Salla, karɓi jika 30 ka yi suna. Ba tausayi ba ne kullum. Wata rana kuɗin zai kai inda ba ka iya biya, sai a ce maka gona ta zama tasa.

Wasu suna jinginar da gona don kuɗin mota zuwa Aljeriya. Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya. Ƙishirwa ce ta kashe su. Yawancinsu mata ne da yara, kuma da yawa daga ƙasarmu ta Kance suka fito. Allah ya jiƙansu. Wanda ya dawo lafiya ma, in ya dawo hannu wofi, ya tarar babu gona. Gona ita ce abin da ake komawa gare shi. A yi tunani sau bakwai kafin a sake ta.

ITATUWA, KARA DA HARAWA

Ƙasashen Magarya da Matamaye da Mirya sun yi suna har a ƙasashen waje saboda gawo. Tun daga shekarun 1980 manoma suka riƙa barin 'ya'yan itace suna girma a gonaki, suna sassabe da hankali. Yau gawo yana ba ƙasa taki, yana ba bisashe abinci, yana ba mata itacen girki. A shekara ta 2020 gwamnati ta fitar da doka a kan itatuwan da manomi ya raina a gonarsa, don ya ci amfanin wahalarsa.

Saboda haka itace dukiya ne, kada a manta da shi ranar shiri. A ƙirga itatuwan da ke cikin gonar. A faɗi wa zai kwashi 'ya'yan gawo, wa zai yi sassabe. Mai haya da ya fara sare rassa yana kaiwa kasuwa, ba mai zama ba ne, mai kwasa ne. Haka kara da harawar wake da ta gyaɗa. Da can ana barin su a gona. Yau kuɗi ne. A faɗa tun farko: na mai gona ne ko na mai noma?

MAKIYAYA, KU MA DA KU

Makiyayi yana shirya da mai gona ya zauna da garkensa bayan girbi. Shanu su ci kara, gona ta samu taki. Wannan tsohuwar hulɗa ce mai kyau. Amma a tabbata da wa aka shirya. In gonar tana hannun mai haya, mai ita ya ce shigo, mai haya ya ce karansa ne, makiyayi ne zai biya tara. A tara su biyun a ji bakinsu. A faɗi kwana nawa za a yi, da inda za a shayar da dabbobi, da abin da za a ba makiyayi, tiya nawa na hatsi. Kuma a jira ranar sakin gonaki da hukuma take sanarwa kowace shekara.

Ga kuma gargaɗi ga kowa. Burtali da makiyaya da bakin tabkin da dabbobi ke sha ba na mutum ɗaya ba ne. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta hana wani ya mallake su. In aka yi maka tayin gona a cikin burtali, ko da arha, kada ka karɓa. Wanda ya ba ka ba shi da ita. In shanu suka bi hanyarsu suka tattake shukarka, ba ka da bakin kuka.

HAYAR GIDA DA SHAGO A CIKIN GARI

Ranar 18 ga Afrilu 1996 gwamnati ta fitar da doka a kan hayar gidaje. Ke nan hayar gida ba maganar baka ba ce kawai, hukuma ta san da ita. Amma kafin a kai ga doka, ido da tambaya suna maganin abu da yawa.

Kai mai neman gida, kada ka ba dillali kuɗi kafin ka ga mai gida ido da ido. Akwai dillalan kirki, an san su a unguwa. Akwai kuma wanda zai nuna maka gida daga waje, ya ce mabuɗi yana hannun mai gida, mai gida ya yi tafiya, kawo kafin alƙalami. Yanzu har ta salula ake yi. A turo maka hoton gida, a ce ka aika kuɗi. Kada ka aika. Ka je wurin mai unguwa ka tambaya: gidan wane ne? A faɗi la'adar dillali tun farko, da wanda zai biya ta.

Ka shiga gidan da rana, ba da magariba ba. Ka ɗaga kai ka dubi azara, ko gara ta ci. In rufin kwano ne, ka rufe ƙofa ka duba ko haske yana shigowa ta huda. Ka dubi gindin bango. In ka ga zanen laima ko gishiri-gishiri, ruwa yana kwanciya a wurin. Ka dubi indararo, ina yake zubarwa? Ka leƙa salanga, ko ta kusa cika, ko bakinta ya tsage. Sabon yaɓe a wuri ɗaya kawai yana iya ɓoye tsaga. Ka tambayi maƙwabta yadda gidan yake a watan Agusta. A daminar 2024 ruwa ya rushe gidaje masu yawa a Nijar. A Damagaram har tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni ya faɗi a farkon Satumba. Ɗakin da ya tsage ba wurin kwanan yara ba ne, ko kyauta aka ba ka.

In akwai wuta da famfo, ka nemi a nuna maka takardar biya ta ƙarshe. A rubuta lambar da ke kan mita ranar da ka shiga. In ba haka ba za ka biya wa wanda ya tashi bashinsa, ko Nigelec ta yanke maka wuta a kan abin da ba ka sha ba. In gida ɗaya ne da masu haya da yawa a kan mita ɗaya, a faɗi yadda ake rabon kuɗin.

Mai gida da ya ƙi ba da takardar shaidar biya, alama ce. Mai gida da ya ce shiga tukuna za a gyara daga baya, alama ce. In kai za ka gyara da kuɗinka, a rubuta cewa za a cire daga kuɗin haya. In an karɓi kuɗin ajiya, a rubuta nawa ne, da sharaɗin mayar da shi. Ka kuma tambaya ko gidan na magada ne, ko ana shirin sayar da shi.

Kai mai gida, ka san wanda za ka ba mabuɗi. Ka ga katinsa na ɗan ƙasa. Ka san sana'arsa da garinsu. Ka nemi wani sananne a gari ya tsaya masa. Mutumin da ba ya son a san inda ya fito, ko ya ƙi faɗin gidan da ya baro, ka je ka bincika. Wanda ya zube kuɗin shekara guda bai ko duba ɗakin ba, bai nemi ragi ba, kada daɗin kuɗi ya rufe maka ido. Ka tambayi abin da zai ajiye. Muna bakin iyaka. In aka kama kayan da doka ta hana a ɗakinka, kai ma sai ka amsa tambaya. Man fetur a jarka cikin gidan da ake girki kuwa, gobara ce take jiran rana.

Ka tambayi mutum nawa za su zauna. Ka faɗa tun farko ko ka yarda a ɗaure dabbobi a tsakar gida, ko a kafa injin niƙa. In ma'aikaci ne, ka sani ana iya canza masa wurin aiki. Ku shirya zai sanar da kai kafin ya tashi. In 'yan makaranta ne, ka yi magana da iyayensu, ku faɗi yadda za a yi da watannin hutu.

Amma kai ma ka riƙe amana. Wanda ya makara wata ɗaya ba ɓarawo ba ne. Kada ka cire masa ƙofa, kada ka kware rufi, kada ka watsar da kayansa a titi. Wanda ya yi haka ya bar gaskiyarsa ya ɗauki laifi.

SEFA KO NAIRA?

A kasuwanninmu kuɗi biyu suke yawo. Duk wanda ya yi ciniki a 2023 da 2024 ya ga yadda naira ta faɗi. Wanda ya ba da jingina da sefa aka mayar masa da naira a tsohon lissafi, ya yi hasara. Wanda ya yanka haya da naira na shekaru, abin da yake karɓa ya zama kaɗan. A rubuta sunan kuɗin. In da hatsi za a biya, a rubuta dami nawa ko tiya nawa, hatsi ne ko dawa, kuma a wane wata.

ABIN DA ZA A SA A TAKARDA

Addininmu ma ya yi umurni a rubuta bashi a kafa shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan haka take. Ga abin da bai kamata a manta ba:

1. Sunan mai bayarwa da na mai karɓa, da sunan uban kowa da garinsa.
2. Irin shirin: aro, haya ko jingina.
3. Inda gonar ko gidan yake, da sunayen maƙwabta na gefe huɗu.
4. Kuɗi ko hatsi nawa, da ranar biya.
5. Ranar farawa da ranar ƙarewa.
6. Itatuwa, rijiya, kara da harawa. In gida ne: gyara, wuta, ruwa da kuɗin ajiya.
7. Yadda za a yi in ɗaya ya rasu ko yana son fasawa.
8. Sa hannu ko dangwalen kowa, da na shaidu, da hatimin mai gari.

Don gona, ku je wurin Kofo na ƙauyenku. Mai gari ne shugabansa, akwai magatakarda, akwai wakilan manoma da makiyaya da mata da samari. In ƙauyenku ba shi da shi, ku je na ma'aikatar magajin gari, ko na gunduma a Matamaye. Suna da takardu na musamman don haya da aro da jingina. Kowa ya karɓi tasa, a bar ɗaya a wurinsu. Don gida, ku rubuta a gaban mai unguwa da shaidu.

A zaɓi shaidu har da matasa, kada a tara tsofaffi kaɗai. Kada ka dangwala yatsa a farar takarda. Kada ka dangwala a kan abin da ba a karanta maka ba. In da Faransanci aka rubuta, ka zo da naka mai karatu, ba na abokin shirinka ba. Ka sa takardarka cikin leda, ka ajiye a akwatin ƙarfe inda gara da ruwa ba su kaiwa. Ka nuna wa matarka da manyan 'ya'yanka inda take.

IN RIGIMA TA TASO

Kada a ɗauki sanda ko gatari. Kada a tumɓuke shukar wani. Dokar karkara ta ce rigimar gona tana fara zuwa wurin sarakunan gargajiya don sulhu. A fara da mai gari. In ba ta mutu ba a je wurin sarki. In an shirya, a rubuta takardar sulhu, kowa ya riƙe. In ba a shirya ba, a rubuta cewa ba a shirya ba, sannan a wuce gidan shari'a. A kowane mataki tambayar farko ita ce: ina takarda, ina shaidu? Mai takarda yana gamawa da wuri ya koma gonarsa. Marar takarda yana sayar da akuya yana biyan kuɗin mota, damina tana wucewa.

'Yan'uwa, nan ne amfanin karatun da muke yi a ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya iya karanta sunansa da lamba da kwanan wata, da wuya a sa shi ya dangwala a kan saye alhali haya ya yi nufi. Wanda ya karanta wannan jarida ya karanta wa maƙwabcinsa. Ku tattauna a dandali da bakin rijiya. In akwai gonar aro ko ta jingina a hannunku tun zamanin iyaye ba takarda, ku je ku rubuta yanzu, tun shaidu suna da rai, tun ana gaisawa. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya tsakaninmu. Amin.